Lambar da manhaja ke bari idan ta fita

Aikina shi ne duba abin da abokan aiki suka rubuta kafin a saki manhaja. Idan aka kawo mini wadda ake sarrafawa ta layin umarni, mai tantance wanda ke da izini, daga wurin fitarta nake fara karatu. Hanyar nasara kowa ya gwada ta: mai rubutun ya sa kalmar sirri daidai, an karɓe shi, hankalinsa ya kwanta. Hanyar gazawa ce ba a cika bi ba.

A Unix da Linux, duk manhajar da ta gama aiki tana barin lamba: 0 na nufin komai lafiya, daga 1 zuwa 255 akwai matsala. Mutum saƙon da ke kan allo yake karantawa, amma umarnin da ke jira a baya lambar kaɗai yake ji. Wani ƙanena a wurin aiki ya taɓa kawo mini rubutun Python: idan sabar ta ƙi amsawa, sai ya nuna "an hana izini" da jan rubutu, sannan ya kira sys.exit() babu lamba a ciki. Wannan kiran 0 yake bayarwa. Tamkar mai gadi ne da ke cewa ba shiga, alhali ƙofa a buɗe take a bayansa. Ya ji zafin na mayar masa da aikin ana gobe za a saki, ni ma ban ji daɗi ba, amma na ƙi sa hannu.

Bash, mai gudanar da umarnin da ake bugawa a layin umarni, ma yana da nasa tarkon. Idan aka jona umarni biyu da alamar |, lambar na ƙarshe ake ɗauka, sai fa an kunna pipefail.

Abin da ke hana ni sassauci shi ne manya ma sun faɗa tarkon hanyar gazawa. A 2014 an gano cewa layin "goto fail" da aka maimaita a manhajar Apple ya sa aka tsallake tantance sa hannun sabar. A 2019 an gano cewa a wasu saituttukan sudo, wanda ya ba da -1 a matsayin lambar mai amfani yana samun ikon root da aka hana shi.

Yanzu kafin in amince da aiki, sai na katse intanet, na gwada kalmar sirrin bogi da izinin da wa'adinsa ya ƙare. Bayan kowane gwaji ina buga echo $? don in ga lambar da manhajar ta bari, in na ga 0 sai aikin ya koma wurin mai shi.