Birkin Gaba da Buhun Masara

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da suka yi shekaru a jingine cikin zaure sun dawo kan hanya. In ka bi titin Funtuwa zuwa Gusau da sassafe, tsakanin Mairuwa da Sheme a ƙasar Faskari, za ka gan su: magidanci da buhu a kariya, yaro da jarkokin ruwa. Ni ma ina cikinsu, kuma tabon da ke haɓata a nan na samo shi.

Da kaka ne. Na ɗauro buhun masara, na sako gangara, sai tirela ta danno mini ham. Na ratse gefen titi inda tsakuwa ta taru, na damƙe birkin gaba alhali kan keken a karkace yake. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba.

Na daɗe ina zagin direban, amma hannuna ne ya kayar da ni. Ka sani, mai karatu, birkin gaba ya fi na baya ƙarfi, sai dai yana son taya a miƙe, ƙasa kuma mai tauri. A kan yashi ko tsakuwa, irin na hanyoyin burjin Sabuwa, zamewa tayar take yi. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ka matsa birkin biyu tare, a hankali. In gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. Da damina kuwa, in ƙarfen taya ya jiƙe, robar birki ba ta kamawa nan take. Buhu kuma ka ɗaure shi daidai bisa tayar baya. In ya zarce baya, gaban keke ya yi sakayau, ya daina jin magana.

Ranar da na faɗi, a gida aka wanke ciwon aka ce in kwanta. Sa'a na ci. Wanda ya bugu a ka yana iya tashi garau, sa'o'i kaɗan bayan nan ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko jini ko ruwa ya fito masa ta kunne ko hanci. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ku jira gari ya waye. Ku kai shi babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa. In kuwa wuyansa yake kuka da shi, kada a ɗora shi a babur, a nemo mota a kwantar da shi a miƙe.