Jirgi Ba Ya Jiran Mai Zumunci

Mu mutanen Briketeri da Tsinga, da wuya a sami gidan da ba shi da dangi a Kano ko Yola ko Zariya, don haka maganar nan ta shafe mu duka.

A daminar bara aka bugo mana waya daga Kano cewa jikin Baffa ya yi tsanani, yana ta ambaton sunayenmu. Muka garzaya wurin mai sayar da tikiti. Ya duba na'urarsa, ya ce daga Nsimalen sai mun bi ta Duwala da Legas, kuma zaɓi biyu ne: ko mu yi jiran awa ɗaya da rabi a Legas, ko mu kwana can. Da yake hankalinmu a tashe yake, muka ɗauki gajeren.

Ashe sauri ya haifi nawa. Jirgin ya makara a Duwala. A Legas kuma sai an buga fasfo, an karɓi kaya, sannan a nemi mota zuwa ɓangaren jiragen cikin gida. Kafin mu isa an rufe ƙofa. Nan muka gane tikiti biyu ne daban aka yanka mana, kowane kamfani ya ce ba ruwansa. Muka kwana a kan benci, muka sake biyan kuɗi. Da muka isa Kano washegari da la'asar, an riga an dawo daga maƙabarta.

Ba ma ja da ƙaddara. Abin da ke damunmu shi ne, daga Yawunde zuwa Kano a miƙe bai kai kilomita 1,000 ba. Tun 1999 ƙasashen Afirka suka amince a Yamusukuro za su buɗe wa juna sararin samaniya, amma ga mu muna zagaye kamar masu neman ɓataccen jaki. Iyayenmu kuwa jirgin ƙasa suke hawa da yamma su wayi gari a Ngawundare, su kama mota ta Garwa zuwa Yola, kuma sun san ranar isarsu.

Shawararmu ga 'yan'uwa: ku nemi tikiti ɗaya har ƙarshen tafiya, kada ku yarda da jiran da bai kai awa huɗu ba. Sannan kada mu bari sai an bugo waya kafin mu je gaida dattawanmu.

Allah ya jiƙan Baffa, ya kyautata namu ƙarshen, amin.