Daga Kabuga Zuwa Gwarzo: Keken Ɗanki Ya Yi Masa Daidai Kuwa?

Uwargida, idan tafiya ta kama ki zuwa yammacin Kano, ki daure ki yi sammako, ki kuma nemi kujerar da ke jikin taga. Daga Ƙofar Kabuga zuwa garin Gwarzo tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Za ki wuce Rijiyar Zaki da sabuwar Jami'ar Bayero, ki kai Janguza, inda wata hanyar ke ratsewa ta bi ta Durun zuwa Kabo da Ƙaraye. Babbar kuwa ta miƙe ta Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo ta wajen Garo, ta shiga Gwarzo, daga nan ta zarce Dayi a jihar Katsina.

Da zarar gine-ginen birni sun fara ja baya, gonakin dawa da masara da gyaɗa sun karɓi gefen titi, to ki fara lura da kekuna. Ga dattijo da damin harawa ya fi shi tsawo. Ga matashi da jarkoki huɗu na ruwa, biyu kowane gefe. Ga mai rake, ga mai itace, ga wanda ya ɗaure akuya a kwando zai kai kasuwar Getso. Wajen ƙarfe bakwai kuma sai 'yan makaranta su fito daga ƙananan hanyoyin ƙauyuka kamar an buɗe musu ƙofa, wasu su biyu a keke ɗaya, wasu har uku.

Keke ba baƙo ba ne a wannan yanki. Iyayenmu sun san zamanin da Raleigh ke cikin abin da saurayi ke taƙama da shi, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Bayansa Phoenix na China da Hero na Indiya suka cika kasuwa, sannan babur ya zo ya ture su duka. To, tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sai gidaje da yawa suka koma ɗakin ajiya suka zaro tsohon keken maigida, aka kakkaɓe ƙura, aka sa sabuwar taya, aka miƙa wa yaro ya riƙa zuwa makaranta.

A nan ne idon ma'aikaciyar jinya yake ganin abin da fasinja ba ya gani. Ki dubi yaron can ɗan shekara goma a kan keke mai wili inci 28, wanda aka ƙera don ƙaton namiji. Ba ya iya zama a sirdi, don haka ya zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sandar, jikinsa ya karkace gefe, keken ya karkace ɗaya gefen. Ki dubi na bayansa da ya samu ya hau sirdin: duk juyin feda sai ƙugunsa ya zame dama, ya zame hagu, yana miƙa yatsun ƙafa kamar mai son ciro abu a saman kanta. Hannayensa sun miƙe sanƙam don ya kamo kan keken, wuyansa ya lanƙwashe baya don ya ga hanya. A haka zai yi kilomita biyar ko shida, ya kuma dawo da rana tsaka, kwana biyar a mako. In ya zo gida yana cewa baya na ciwo, sai a ce girma ne yake yi, ko a ce lalaci ne.

Abin da ya sa nake kawo miki wannan magana shi ne, a wasu ƙasashe daidaita keke da jikin mai shi sana'a ce mai zaman kanta. Akwai wata gasa da ake kira tirayatalon, wadda ta haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu a jere. Ta shiga wasannin Olamfik a shekarar 2000, kuma a can ana ninƙayar kilomita 1.5, a tuƙa keke kilomita 40, a yi gudun kilomita 10. A wani dogon nau'inta kuwa, keken kaɗai kilomita 180 ne. Masu wannan gasa suna ɗaura wasu ƙarafa biyu a kan keke, masu miƙewa gaba kamar ƙahon sa, da 'yan matasai guda biyu da ake ɗora gwiwar hannu. Mutum ya kwanta a kansu, ya tsuke jikinsa, iska ta rage tare shi. A 1989 wani Ba'amurke, Greg LeMond, ya yi amfani da irinsu a ranar ƙarshe ta babbar gasar keke ta Faransa, ya doke Laurent Fignon da daƙiƙa 8 kacal bayan tseren mako uku. Daga nan duniya ta raja'a a kansu.

Amma ko su da suke da kuɗin sayen mafi tsada, abin da suka fi nema shi ne ƙarfen da ake iya matsarwa: a ɗaga matashin ko a sauke, a buɗa tsakaninsu daidai faɗin kafaɗa, a tura gaba ko a jawo baya. Sun gano cewa zaman da jiki ba zai iya jurewa ba, komai kyansa a hoto, ba ya kai mutum ƙarshen tsere. Idan ƙaton ɗan wasa da likitoci ke kewaye da shi yana auna kekensa da santimita, ina ga yaronki da ƙashinsa bai gama ƙwari ba? Sai dai ki kiyaye: in ɗanki ya ga irin waɗannan ƙarafa a kan keken gwanjo ya nace, kada ki yarda. Babu birki a jikinsu. An yi su ne don titin da aka rufe wa motoci, ba don hanyar Gwarzo ranar kasuwa ba, inda tirela da babur da garken shanu ke rabon kwalta ɗaya.

Namu gyaran ya fi sauƙi, kuma masu yinsa suna nan a bakin hanya. A kusan kowane gari da za ki ratsa, daga Rimin Gado har Gwarzo, akwai mai gyaran keke a gindin bishiya, da famfonsa da kwanon ruwan neman huji da tsofaffin tayoyi rataye a reshe. Na tsaya wurin wani dattijo daga cikinsu a Gwarzo, na tambaye shi ko iyaye kan kawo yara a daidaita musu sirdi. Ya yi dariya ya ce, “Ai 'yata, faci kawai ake kawo mana. Sai taya ta sace ake tunawa da mu.” Na ce, “To Baba, in an kawo fa?” Ya ɗaga sifana da alanki ya ce aikin bai kai minti goma ba. Kayan aiki akwai, gwaninta akwai. Wanda zai ce a yi ne babu, kuma ke ce za ki faɗa.

Ki fara da girman keken kansa. Yaro ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a sami tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin sandar da jikinsa. In sandar ta tokare shi, keken ya yi masa girma, kuma ranar da ya taka birki da ƙarfi ya zamo gaba, wurin da zai bugu ba wurin wasa ba ne. A ƙiyasi, wili inci 20 na dacewa da 'yan shekara 6 zuwa 9, inci 24 da 'yan 9 zuwa 12, inci 26 kuma daga nan zuwa sama, amma tsawon yaro ya fi shekarunsa muhimmanci. Na san dabararmu ta sayen abu da girma don yaro ya tarar da shi. Wannan ta yi a rigar sallah. A keke, kafin ya tarar da shi ya sha faɗuwa.

Sai sirdi. Ki riƙe masa keken ya zauna, ya ɗora dunduniyarsa a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsawon ya yi. Da ya koma takawa da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, haka ake so. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana kawo ciwo a gaban gwiwa, wanda ya yi sama kuma yana jan bayan gwiwa da ƙugu. Ga sabon koyo, a sauke shi kaɗan yadda ƙafa za ta riƙa taɓa ƙasa har ya saba. Sirdin ya kwanta daidai, kada bakinsa ya kalli sama ko ƙasa. A jikin ƙarfen da ke riƙe da shi akwai wani zane da masu ƙira suka yi. In an zaro shi har zanen ya fito fili, yana iya karyewa.

Daga nan sai kan keken, wato ƙarfen da ake riƙewa. Yaro na zaune, hannu a kan mariƙi, gwiwar hannunsa ta ɗan lanƙwasa, kafaɗu a sake, wuyan hannu a miƙe ba a karye ba. Ga ɗan makaranta, kan ya yi daidai da tsawon sirdi ko ya ɗan fi shi, don ya zauna a miƙe ya ga abin da ke gabansa. In ya yi nisa ko ya yi ƙasa, nauyin jiki yana komawa kan tafin hannu ya danne wata jijiya da ke bi ta gefen ƙaramin yatsa. Alamarta ita ce ƙaramin yatsa da na kusa da shi su riƙa yin sanyi ko jin kamar ana tsira allura. In yaronki ya ce yatsunsa na mutuwa bayan ya dawo, ko rubutunsa ya fara lalacewa, ki duba keken. In an gyara an huta mako biyu abin bai tafi ba, ko hannun ya rage ƙarfi, ku je asibiti. A tsofaffin kekuna masu birkin ƙarfe, in an ɗaga kai dole a sake saita birkin, don haka kada ku bar wurin mai gyara sai yaro ya gwada, kin ga yatsunsa na kaiwa ga birki ba tare da ya saki mariƙi ba.

Akwai raunuka biyu da nake so ki sani, don mukan gan su a wurin aiki kuma duka ana iya kauce musu. Na farko, ƙaramin yaro da aka goya a kariya, ƙafarsa na lilo, dunduniya ta faɗa cikin wayoyin wili. Daga waje ciwon kan yi kamar ƙujewa ce, amma naman ciki ya murƙushe, bayan kwana biyu ko uku sai fatar ta yi baƙi, wani lokaci har da tsagewar ƙashi. Kada a shafa masa man juye ko toka. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe, a kai asibiti ranar, a kuma duba rigakafin tetanus. Maganin faruwarsa: a sa wa keken matakin ƙafa, a rufe gefen wilin baya da raga ko faifan roba, yaro kuma ya sa takalmi rufaffe. Na biyu ya shafi 'yan mata: dogon hijabi ko bakin zane da ke shiga sarƙa ko wili, ya fizgo yarinya ta wuya. A tattare shi a soke kafin a hau, a sa wando a ciki, a bar murfin sarƙa a wurinsa. Keken mata marar sanda ya fi musu sauƙin hawa da sauka.

Jakar littattafai kuma a ɗaure ta a kariya, kada ta zauna a bayan yaro tana jansa. Ƙararrawa ta yi aiki, a manna abin ƙyalli a baya saboda hazon hunturu da dawowar magariba daga Islamiyya. In da hali a sayi hular kwano, ko ta gwanjo ce matuƙar ba ta tsage ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, kuma yaron da ƙafarsa ke kaiwa ƙasa, hannunsa ke kaiwa birki, ya fi samun damar tsayawa lokacin da mota ta taho.

Da la'asar, in kin juyo daga Gwarzo rana na bayanki, za ki sake haɗuwa da su suna komawa Kutama da Lakwaya da sauran garuruwa, riguna sun yi ƙura, ana tsere ana ihu. Keken nan shi ne ya tsaya tsakanin yawancinsu da barin makaranta, don ba kowane gida ke iya biyan kuɗin babur kullum ba. Saboda haka ban ce a karɓe shi ba. Ranar Asabar mai zuwa, ki sa yaronki ya hau ya zagaya tsakar gida ko ƙofar gida sau biyu, ki tsaya ta baya ki kalli ƙugunsa, ki koma gefe ki kalli gwiwarsa da hannunsa. Abin da kika gani ki faɗa wa mahaifinsa ko yayansa, a kai wa mai gyara. Yara na tsawo da sauri, don haka a maimaita duk farkon zangon karatu. Allah ya tsare mana su a hanya, ya kai su ya dawo mana da su lafiya.