Baƙin Da Ba Ya Amsa Kuwwa

A hutun da ya wuce na iske yayata ba ta da lafiya, mararta na ciwo ta gefen hagu. Aka kai ta asibiti, aka yi mata hoton ciki, irin wanda jama'a ke kira sikanin. Ta komo gida da takarda da ɗan hoto. Da ya ke ni ne mai karatu a gidanmu, sai ta miƙo mini, ta ce, "Malam, ga aikinka. Me suka ce?"

Na duba hoton, sai ga wani abu baƙi ƙirin, kewayayye kamar ƙwan zabo. An rubuta faɗinsa santimita 4, da wata kalmar Turanci da a ke faɗinta anekoyik. Ban taɓa jin ta ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ɓata fuska, na ce abu baƙi haka a cikin mutum ba na alheri ba ne. Daren nan Yaya ba ta rintsa ba. Ko shekara ba ta yi da aure ba, ga ta tana kukan ciwon daji ne, ba za ta haihu ba.

Bayan kwana biyu na raka ta wurin likita. Ya tambaye ni ko na taɓa yin ihu a gindin dutse. Na ce sau da yawa, dutse kuwa ya kan maido mini da muryata. Ya ce to, haka na'urar nan ke aiki. Tana aika sauti cikin jiki, sa'an nan ta saurari abin da ya komo. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, nata kuwa miliyoyi ne. Ƙashi ya kan maido da sautin da ƙarfi, sai ya fito fari. Tsoka ta kan maido da kaɗan, sai ta fito toka-toka. Amma ruwa tsantsa ba ya maido da kome, sautin sai ya ratsa shi ya wuce, shi ya sa wurin ke fitowa baƙi. Ma'anar kalmar ke nan, watau marar amsa kuwwa. Ko fitsarin da ke cikin mafitsarar lafiyayye haka ya ke fitowa.

Ashe abin da ke jikin gidan ƙwan Yaya 'yar jakar ruwa ce, wadda likitoci ke kira sist. Ya nuna mana alamu uku: cikinta baƙi ne ba gauraye, bangonta siriri ne sumul, bayanta kuma ya fi kewayensa haske, domin ruwa bai rage wa sautin ƙarfi ba. Irin wannan ta kan fito wa mata da yawa masu al'ada, galibi kuma ta kan baje da kanta. Amma fa in an ga shamaki mai kauri a ciki, ko wani tsiro na nama, ko kuwa tana ta girma, sai an ƙara bincike. In kuma ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya, sai a garzaya asibiti.

Daga baya na karanta labarin likita Ian Donald na birnin Gilasgo, wanda shi da abokan aikinsa suka buga bincikensu a kan wannan hoto a 1958. Cikin waɗanda ya fara dubawa akwai wata mace da aka fid da rai da ita, a kan ciwon daji ne. Na'urar ta nuna babbar jakar ruwa ce. Aka fiɗe ta aka cire, ta warke.

Bayan mako takwas aka sake yi wa Yaya hoto, ba a ga kome ba. Har yau in na fara iyayi a gida, sai ta ce, "Malam, baƙi ne ko fari?"

To, 'yan'uwana ɗalibai, gobe mu za a riƙa miƙo wa takardu a garuruwanmu. Kwana biyu na sa yayata kuka don kunyar cewa ban sani ba. In an kawo muku takardar asibiti, ku karanta abin da kuka gane, sauran kuwa ku raka mai ita wurin likita.