Ƙafar Katako Mai Sanduna Sha Biyu

Yawancinmu idan aka ce tsohuwar mota, tunaninmu bai wuce Peugeot 504 ba. To, tun kafin ita akwai Model T, wadda kamfanin Ford na Amurka ya ƙera daga 1908 zuwa 1927, sama da miliyan 15. Yawancinsu ƙafafun katako gare su: sanduna 12 na wani icce mai tauri da ake kira hikori, sun taso daga cibiya zuwa zoben da taya ke hawa. Har gobe akwai masu sabunta irin waɗannan ƙafafu a garejin gidajensu a can. Aikinsu na ɗauko na mayar furojet ɗina na ƙarshe. Motar dai ba ni da ita, ƙafa ɗaya tak na haɗa a gida, ni da Kawuna kafinta.

Abin da ya ja ni shi ne ba gam, ba ƙusa. Gindin kowace sanda ana fere shi ne ya tashi digiri 30, ta yadda idan 12 suka haɗu sai su cika da'ira, kowace ta tokare 'yar uwarta. Kawunansu kuma su shige ramukan zobe. Ba a buga su ɗaya bayan ɗaya, don ta ƙarshe ba za ta shiga ba. Jera su ake yi gindinsu ya ɗago sama kamar jinkar ɗaki, sannan a danne tsakiyar a hankali har su kwanta tare. Mu da jak ɗin mota muka danne. Sai bayan nan ake huda ramukan noti shida na cibiya.

Babban abokin gaba shi ne danshi. Katakon da bai bushe ba zai tsuke daga baya, sanduna su saki, ƙafa ta riƙa ƙara idan tana juyawa. Direbobin da can sukan jiƙa ƙafar da ruwa don katakon ya kumbura. Da na gaya wa Kawu haka sai ya yi dariya, ya ce, "Ai dabarar ƙotar gatari ce, ɗana. Yau ta kama, jibi ta fi da saki." Shi ne ya zaɓo marke a madadin hikori, ya kuma hana mu taɓa shi sai da ya sha hunturu. Abin da muka rubuta a aji game da tsukewar katako, shi a hannunsa yake, ko lambar lissafi ɗaya bai sani ba. Ni na fitar da digiri, shi ya san icce.

Na san wasu sun yi mini dariya, wai ana zamanin mota mai lantarki ni ina fafatawa da sassaƙa. Ba komai. Amma 'yan uwana 'yan ajin ƙarshe, mu gaya wa juna gaskiya: mu nawa ne za mu biya kuɗi a haɗa mana furojet, mu haddace bayani daren da za a kare shi? Takarda za ta fito, amma ranar da mai gareji ya miƙo maka aiki ya koma gefe ya tsaya, wa zai tsaya maka? Ka zaɓi abu ko ƙarami ne, ka yi shi da hannunka har ka san dalilin da ya sa yake tsaye.