Shingen Kifi a Cikin Takardar 'Yanci

A 2015 gidan buga kuɗi na Birtaniya ya fitar da kwandalar fam biyu don cikar Magna Carta shekara 800. A jikinta an zana Sarki John riƙe da alƙalamin gashin tsuntsu, kamar yanzu ya gama sa hannu. Masana tarihi suka yi ca. Sarkin bai sa hannu a komai ba. A Ingila ta wancan zamani, sarki ba ya rattaba suna a irin wannan takarda. Magatakarda ke rubutu, wani ma'aikaci ya narka kakin zuma, a danna hatimi, a rataya shi a gindin takardar. Kwandalar dai ta shiga aljihun mutane da alƙalaminta.

Ka ga, malam, sunan takardar nan ya zaga duniya, amma ba kasafai ake karanta ta ba. Lauya ya ambace ta a kotu, ɗan siyasa ya ambace ta a wurin taro. Ana ce mata uwar dimokuraɗiyya. Matso mu duba abin da ke ciki.

Fatar tunkiya ce guda, an cika ta da ƙananan rubutu cikin harshen Latin. Babu sakin layi, babu lamba. Sassan nan 63 da ake ƙirgawa, wani masanin shari'a ne, William Blackstone, ya yanka su a 1759. Kwanan watan da ke jikinta 15 ga Yuni, 1215. Wurin kuwa Runnymede, wata fadama a bakin Kogin Thames, tsakanin Windsor inda sarki yake da Staines inda hakimansa 'yan tawaye suka yi sansani. Kowa ya taka rabin hanya, don ba wanda ya yarda ya shiga gidan wani.

Abin da ya kai su fadamar kuɗi ne. A 1204 Sarkin Faransa ya ƙwace Normandy daga hannun John. Shekara goma John yana tara dukiyar da zai koma ya karɓo ta. Ya yi ta aza wa hakimansa kuɗin fansar zuwa yaƙi. In hakimi ya mutu, sai magajinsa ya biya abin da sarki ya ga dama kafin ya taɓa gadon ubansa. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata ƙasa, sarki na iya aurar da ita ga wanda ya fi biya, ko ita ta biya a ƙyale ta. Wanda ya saɓa masa kuwa ya san labarin Matilda, matar William de Braose, wadda aka kulle da ɗanta a 1210 har yunwa ta kashe su. Duk da haka an yi ta haƙuri, har aka ci rundunar abokan ƙawancensa a Bouvines a watan Yulin 1214. Kuɗi sun tafi, ƙasa ba ta dawo ba. A watan Mayun 1215 birnin Landan ya buɗe wa 'yan tawaye ƙofa.

Saboda haka in ka buɗe takardar, ba huɗuba za ka tarar ba. Jerin koke-koke ne na mutanen da aka tatsa. Sashe na 33 ya ce a cire shingayen kama kifi daga Thames da Medway, don suna tare wa jiragen fatake hanya. Sashe na 35 ya ce mudu ya zama ɗaya a duk ƙasar: na hatsi, na giya, na ruwan inabi, har da faɗin yadi. Duk wanda ya taɓa sayen gero da mudun wata kasuwa ya auna shi a na gida ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai inda aka hana ma'aikacin sarki ɗaukar hatsin mutum sai ya biya nan take. Akwai inda aka hana shi kama doki ko amalanken ɗa mai 'yanci don aikin sarki sai da yardar mai shi. Haka katako. Ba za a tilasta wa gari gina gada ba, sai wanda dama can aikinsa ne. Matar mamaci tana da kwana 40 a gidan mijinta kafin a ware mata rabonta, kuma ba za a yi mata auren dole ba. Kuɗin gadon babban hakimi aka tsayar da shi fam 100. Sashe na 50 ma sunayen mutane ya jera, dangin wani Gerard d'Athée, ya ce a sauke su daga muƙamai kada su sake riƙe ko ɗaya.

Ni wannan ɓangaren ne ya fi kama ni, kuma da gaske nake. Mutumin da ya rubuta maganar amalanke an taɓa ƙwace masa amalanke, ko an ƙwace na wani a gabansa. Zalunci a bakin waɗannan mutane yana da suna, yana da farashi, yana da ranar da aka yi shi. Ba su ce sarki ya zama adali ba, don sun san wannan ba ta da ma'auni. Cewa suka yi ya bar musu katakonsu.

Sai dai ka tambaya: su wane ne "su"? Takardar tana magana ne da ɗa, mai 'yancin kansa. Kaso mai yawa na manoman Ingila a lokacin ba sa cikin wannan sahu. Ɗaure suke da gandun ubangidansu, ba su da ikon barin ƙauye sai da izininsa, kuma kotun sarki ba ta sauraron ƙararsu a kansa. Inda aka tuna da su, cewa aka yi in za a ci su tara a bar musu kayan noma. Wannan ya amfani manomi, ya kuma amfani mai gandu. Mace kuwa, sashe na 54 ya ce ba a kama kowa a kan ƙarar kisan kai da ta kawo, sai in mijinta aka kashe. Sassa biyu sun taɓo bashin Yahudawa, don a sauƙaƙa wa magadan masu cin bashin. Maganar zaɓe babu ita, maganar ƙuri'a babu ita. Majalisar da aka ce sai da shawararta za a aza wasu haraji, ta manyan malaman coci ce da masu riƙe da ƙasa daga hannun sarki.

Kuma ba ta yi kwana ba. Tun 1213 John ya miƙa wuya ga Fafaroma Innocent na Uku, ya mai da shi ubangidansa. Da ya kai kuka Roma, Fafaroma ya soke takardar ranar 24 ga Agusta, 1215, ya ce da ƙarfi aka karɓe ta. Mako goma ke nan. Yaƙi ya ɓarke, hakimai suka gayyato ɗan Sarkin Faransa ya zo ya karɓi gadon sarauta. Ana cikin haka atuni ya kashe John a Newark, a watan Oktoban 1216.

Mutuwarsa ce ta raya takardar. Ɗansa Henry na Uku shekararsa tara. Masu riƙon ƙwarya, ƙarƙashin dattijo William Marshal, suna neman hanyar janyo 'yan tawaye, sai suka sake fitar da ita da sunan yaron, bayan sun zare sassan da suka fi ɗaure sarki. A 1217 aka ware maganar dazuzzukan farautar sarki a wata takarda daban, ƙarama, aka soma kiran wannan babba, wato Magna Carta, don a bambanta su. A 1225 Henry ya sake ba da ita, mutane kuma suka ba shi kashi ɗaya cikin 15 na dukiyarsu da ake iya ɗauka. Ciniki ne, kuma an rubuta hakan a jikinta. Daga nan abin ya zama al'ada: sarki ya nemi kuɗi, a ce ya sake tabbatar da takardar tukuna. An yi haka fiye da sau talatin. Wadda ta shiga kundin dokokin Ingila ita ce ta 1297, zamanin Edward na Ɗaya.

Sannan ta yi barci. Shakespeare ya rubuta wasan kwaikwayo sukutum a kan Sarki John bai ambace ta ba. Wanda ya tashe ta wani tsohon alƙali ne, Edward Coke, da yake neman makamin da zai tare sarakunan gidan Stuart. Shi da abokansa suka karanto a cikinta abubuwan da hakiman Runnymede ba su yi mafarkinsu ba, suka kafa hujja da ita a majalisa a 1628. Turawan da suka zauna Amurka suka ɗauki karatun Coke suka haye teku da shi. Rumfar tunawa da ke Runnymede yau, ƙungiyar lauyoyin Amurka ce ta gina ta a 1957.

Ban ce Coke ya yi ƙarya ba. Akwai abin kamawa a wurin. Sashe na 39 ya hana a kama ɗa, ko a ɗaure shi, ko a raba shi da dukiyarsa, ko a kore shi daga ƙasa, sai da hukuncin tsararrakinsa ko dokar ƙasa. Na 40 gajere ne ƙwarai: sarki ya yi alkawarin ba zai sayar da adalci ba, ba zai hana ba, ba zai jinkirta ba. An jefa su ne a tsakiyar takarda, ba wani ado, kusa da maganar fatake. A 1354 majalisa ta faɗaɗa kariyar ta game kowane mutum, ko mene ne matsayinsa. Shekara 139 aka yi kafin a kai nan. Shari'ar Ingila ta iso Najeriya da mulkin mallaka, kuma sashe na 35 da na 36 na tsarin mulkin 1999 sun tanadi 'yancin walwala da sauraron ƙara cikin lokaci. A gidajen yarin ƙasar, masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa.

Daga cikin kwafin da aka rarraba a 1215, huɗu suka rage: biyu a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, ɗaya ta cocin Lincoln, ɗaya a Salisbury. Guda kaɗai ke da sauran hatimi, shi ma gobarar 1731 ta mai da shi dunƙulen kaki. A 2007 wani attajirin Amurka, David Rubenstein, ya sayi kwafin 1297 a kan dala miliyan 21 da 'yan kai. Makarantar lauyoyi ta Harvard ta sayi tata a 1946 a kan dala 27 da rabi, a zaton kwaikwayo ce. Sai a 2025 masana suka gane ta asali ce, ta shekarar 1300.

Abin da ya rage da ƙarfin doka a Ingila sassa uku ne na takardar 1297: 'yancin cocin Ingila, haƙƙoƙin birnin Landan, da wancan na kamu da shari'a. Amma lokacin kullen korona a 2020, wasu masu shaguna sun liƙa takarda a ƙofa, wai sashe na 61 ya ba su ikon bijire wa gwamnati. An ci wasunsu tara. Sashen yana magana ne a kan hakimai 25 da aka ba ikon ƙwace gidajen sarki in ya karya alkawari, kuma an zare shi tun 1216, bai sake dawowa ba. Don haka in wani ya kafa maka hujja da Magna Carta, tambaye shi cikin ladabi ta wace shekara yake nufi, kuma sashe na nawa.