Tsohon zance a Guéma

A sanina na ɗan Kano, idan aka ce tarihi to sarakuna ake nufi da yaƙe-yaƙe: Bagauda, jihadin Shehu a 1804, shigowar Turawa a 1903. Da wannan mudun na isa Parakou ta ƙasar Benin, na sauka a unguwar Guéma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hirar dattawa bayan la'asar. Da Dendanci suke farawa, su juya Hausa don girmama baƙo, amma zancen bai sauya ba: jakin wa ya faɗa rafi da kayan goro, wane madugu ne ya ƙi biyan kuɗin hanya, gidan wa ya fara saukar fatake. Abin da ya haura shekara ɗari ake musu a kansa, har da ɗaga murya, samari kuwa na gefe suna sa baki.

Sai da na je Djougou na fara gano bakin zaren. Tsohon garin kashi biyu ne: Kilir, inda sarauta take, da Wangara, unguwar 'yan kasuwa da malamai. Ta nan ayarin Kano da Sakkwato ke bi bayan sun ƙetare Kwara sun ratsa ƙasar Borgu, ɗauke da kanwa da tufafin rini da jemammun fatu, su nufi Salaga ta Gwanja, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni. Basasar 1892 ta wargaza kasuwar Salaga, daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, dogo kuma ya iso Kano a 1911. Hanya ta mutu, amma mutane ba su tashi ba. Wasu fatake sun riga sun yi aure, sun gina masallaci, sun binne iyayensu a garuruwan nan.

Jikokinsu ne ke wannan musu. Ni da na tashi da ganin badala da Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi, ba a taɓa neman in kawo shaidar cewa ni ɗan gari ne ba. Shi kuwa wanda har yau wani zai kira baƙo a garin da aka haifi kakansa, labarin jakin nan shi ne shaidarsa. Da shi ake sanin wa ya riga wa zuwa, wane gida ke da limanci, wa ya dace a fara gayyata in ana shawara. In aka yi shiru aka bar wani ya karkatar da shi, gida guda ya yi asara. Sai na tuna muna da unguwar Zangon Barebari, muna da Agalawa irin su Alhassan Ɗantata da suka tashi da fataucin goro, ba ma ɗaura aure ko raɗa suna sai da goro, amma mu nawa ne za su iya lissafa zango uku na wannan hanya?

Akwai kuma zancen da ya fi zafi. A watan Nuwamba na 1894 Lugard na Ingila ya riga Bafaranshe Decoeur isa Nikki ta ƙasar Borgu da 'yan kwanaki, ya karɓi takardar yarjejeniya. Faransawa suka ce ai bai ga sarki ido da ido ba, don haka takardarsa ba ta da ƙarfi. Aka yi ta ja har 1898, aka raba Borgu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa hannun Ingila. A makarantunmu wannan layi biyu ne a littafi. A nan kuwa duk direban da ya kwana a bakin iyaka, duk mai kayan da suka lalace da aka rufe gadar Malanville a 2023, yana da dalilin tambayar wa ya ja layukan iyakar nan, da izinin wa. Ko a bikin Gani na Nikki, sarakunan Borgu ta Najeriya da mahayansu sai sun ƙetare iyakar ƙasa kafin su kai gaisuwa.